Tuwon Kasuwa da Bashin da Ke Wuyana

 Ina so in ba ku labarin wata magana da ta tashi a ajinmu na karatun manya a nan Filinge. Maganar ta sa na kwana biyu ina tunani, har na ga ya kamata in rubuta ta, ko Allah ya sa wani ya ƙaru.

Aji biyu gare ni, na mata da la'asar, na maza bayan sallar isha'i. Wata Litinin da dare mun gama darasin lissafi, ina share allo, sai na ga wani dattijo daga cikin ɗalibaina bai tashi ba. Sa'an mahaifina ne, mutum mai kamun kai. Ya jira har kowa ya watse, sa'an nan ya matso ya rage murya, ya ce: "Malam, wata magana naj ji, ba ta yi mini daɗi ba. An ce jiya an gane ka kasuwa bisa banci, kana cin tuwo tsakanin direbobi da ƴan dako. Lahiya dai gidanka?"

Na ce: "Lafiya lau, Baba."

Ya ce: "To, in lahiya ta, mi yak kai malami guda ga tuwon kasuwa? Kai ka koya muna karatu, kuma yara na kallonka."

Na sunkuyar da kai na yi masa godiya, don na san ƙauna ce ta sa ya faɗa. Ban ba shi amsa a daren ba. Amsar tana da tsawo, kuma sai an koma baya kafin a gane ta.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kurfai ya san wannan doka, ko da yake ba a rubuce take ba. Magidanci ba ya cin abinci a kasuwa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce: "In kag ga mai gida na cin tuwon kasuwa, cikin biyu akwai guda: ko rumbunai ya ƙare, ko matatai ta yi yaji." Akwai kuma kunyar surukai. Yaya za ka buɗe baki kana kai loma, surukinka ya zo wucewa? Saboda haka mutum yakan wuni a kasuwa tun hantsi har la'asar sakaliya, cikinsa yana ƙugi, ya daure da goro da ruwa har ya koma gida. Abincin kasuwa na baƙo ne, da gwauro, da almajiri, da direban da hanya ta kama.

Amma ga abin da ban lura da shi ba sai da na girma. A gidan da ake faɗa mini wannan magana, a nan ne innata take tashi tun kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta ɗora tanda, ta soma suyar masa. Ni ne ɗan tallarta. Kafin in tafi lakwal sai na kai tire tasha na sayar, ranar Lahadi kuwa wuni nake yi cikin kasuwa. Da kuɗin masar nan aka saya mini kaye da bik da takalmi. A shekarar 2005, bayan fara da fari sun ci gonaki a daminar 2004, rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara. Tandar inna ce ta riƙe gidan har sabon gero ya nuna. Wato a gida guda ana raina mai ci a kasuwa, ana kuma addu'a Allah ya kawo shi da yawa. Ban taɓa jin wanda ya haɗa maganganun nan biyu wuri guda ba, ni ma ban haɗa su ba.

Da wannan kunya na shiga mota zuwa Yamai a 2015, don horon malamai. Tafiyar kilomita wajen 180 ce, a bi ta Bonkuku da Baleyara, a sauka tashar Wadata. Inna ta ƙulla mini garin rogo da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari. Ɗakin haya muka kama mu uku, babu mace, babu murhu. Kwana huɗu ina jiƙa gari a ɓoye cikin ɗaki, safe da dare, alhali a bakin titinmu ƙamshin suya yana hana mutum barci. Ran na biyar muna cikin darasi sai na ga allo yana juyawa, na dafa tebur. Abokin zamana, wani Bazabarme mutumin Doso, ya dube ni ya ce: "Kai Bahaushe, yunwa ce. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tashi mu je wajen Tanti."

Tanti mutuniyar Togo ce, ta manyanta, ta daɗe a Yamai har Zabarmanci ya zauna a bakinta, tana kuma taɓa Hausa. Rumfarta ta kwano ce jingine da katangar wani gida, da bencina uku da manyan tukwane huɗu. Na tsaya daga nesa ina waige-waige, kamar wani daga Filinge zai ɓullo ya gan ni. Ta ɗago kai ta ce da ni da Zabarmanci in zo in ci, ta nuna mini wuri. A damana wani ma'aikaci ne da taye a wuya, ya ajiye babur ɗinsa. A haguna mai ga-ruwa ne, ya jingine kurarsa. Gabana wani Buzu mai gadi ya sassauta rawani yana cin shinkafa. Babu wanda ya dube ni. Kowa kwanonsa yake kallo. Aka zubo mini shinkafa da wake da mai da yaji da yankan kifi, na ci har na ji gumi ya karyo mini. Daga ranar kunyar ta soma sakina.

Jama'a, wanda bai zauna Yamai ba ba zai gane yawan irin mutanen da ke ciyar da garin nan ba. Abinci yana da lokaci kamar salla. Da asuba masu shayi ne ke fara fitowa, su jera gwangwanayen madara bisa tebur, su yanka burodi, su soya ƙwai da albasa. Kusa da su mata suna suyar ƙosai da farimasa, ga koko yana tururi. Da hantsi sai ƴan dambu da kopto, wato ganyen zogala da aka dafa aka kwaɗa da ƙuli-ƙuli, abincin da Zabarmawa suka fi kowa iyawa. Da rana tsaka sai manyan tukwane su sauka. Matan Togo da na Benin suna da ablo, wani farin abu mai laushi da ake turarawa, da soyayyar doya da miyar tumatir mai yaji. Yarbawa suna da teba da amala da miya mai yauƙi da man ja. Mutanen Senegal suna da shinkafarsu da aka dafa cikin romon kifi, da kabeji da karas a kai. Akwai acake na ƙasar Kodibuwa, garin rogo ne da aka turara, ana cin sa da soyayyen kifi da ɗanyar albasa. In rana ta faɗi sai mahauta su karɓi gari, yawancinsu Hausawa, su hura tukuba, ga tsire, ga balangu, ga kilishi a shanye. Can cikin gari kuma akwai shawarma irin ta mutanen Labanan, ga mai kuɗinta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne kowa yana cin na kowa. Bayarabe yana sayen fura wajen Bafulatana, Bafulatani yana cin ablo, Bazabarme ba ya kwana sai ya biya wajen mai tsire. A bencin Tanti na ƙara Zabarmancina fiye da yadda na koya a gida. Can na ji yadda Bazabarme da Buzu ke zagin juna na wasa bisa kwano guda, wannan ya ce da wancan bawansa ne, wancan ya ce shi ya saye shi da gishiri, a yi dariya, ƙarshe ɗaya ya biya wa ɗaya kuɗin abinci. Wannan wasan taubasai na ƙasarmu ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2014. Ni a bakin tukunya na fi ganinsa yana aiki.

Tanti Kirista ce, ranar Lahadi ba ta fitowa. Da farko zuciyata ta yi ɗar game da naman miyarta. Da ta lura ina ture shi gefe, sai ta kira mahaucin da ke kawo mata, wani Ba'adare mai tabon salla a goshi, ta ce in tambaye shi da kaina wa ya yanka. Da azumi ya kama, ciniki ya ragu da rana, sai ta mai da girkinta yamma. Takan ware mana namu ta rufe, ta ajiye ruwan sanyi, ba ta yarda kowa ya taɓa sai an kira magariba.

To, ga inda bashin ya shigo. Akwai lokacin da ɗan kuɗin da nake jira suka yi jinkiri, wata ya mutu, wani ya kama, aljihuna babu ko dala. Na daina zuwa rumfar, na koma jiƙa gari. Kwana uku sai ta aiko yaro ya kira ni. Ta ce: "Ɗana, ka yi fushi da tuwona ne?" Na faɗa mata gaskiya. Ta ce: "Zauna ka ci. Ranar da ka samu ka biya." Tanti ba ta iya karatu ba. Gawayi take ɗauka ta ja layi a jikin katanga, kowane mai bashi da gurbinsa. Nawa yana ƙarƙashin wani ƙusa da take rataye ludayi. Kwano guda layi guda, kowane layi dala 40. Da kuɗi suka zo na biya rabi, ta goge da tsumma, aka ci gaba.

Ranar da muka gama horo, layi 17 ne ƙarƙashin ƙusan, wato dala 680, jika uku da dala 80. Abin da ke hannuna kuɗin mota ne da ƴar tsarabar inna. Na ce a raina in na fara ɗaukar albashi zan dawo in biya, har in ƙara mata turmin zane. Kunya ta hana ni zuwa in yi mata sallama. Da asuba na bi ta bayan layi na nufi Wadata. Ku duba, kunyar da ta hana ni cin abincin halal da kuɗina, ita ce kuma ta sa na gudu da haƙƙin tsohuwa.

Sai bayan shekara guda da ƴan watanni na sami komawa Yamai. Na sayi zanen, na ƙulle kuɗin cikin takarda, na nufi unguwar. Na tarar da wurin fili fetal. Tun 2016 aka soma tashin rumfunan bakin titi a Yamai, ana gyaran gari kafin babban taron Tarayyar Afirka da aka yi a watan Yuli na 2019. Babu rumfa, babu benci, katangar ma an shafe ta da sabon fenti. Na tsaya ina kallon inda ƙusan yake. Na tambayi mai shayin da ke tsallaken titi, ya ce wasu sun ce ta koma wata unguwa bayan kogi, wasu sun ce ta koma ƙasarsu. Na haye gadar Kennedy na yi yawo wuni guda ban same ta ba. Sai a ranar na tuna ko sunanta na yanka ban sani ba. Shekara guda tana ciyar da ni, Tanti kawai na sani.

A watan Disamba na 2020 na ji wani labari a rediyo da ya tayar mini da wannan miki. An ce UNESCO, wadda mu malaman yaƙi da jahilci muka sani saboda bikin ranar 8 ga Satumba, ta sa sana'ar masu abincin kasuwa na Singafo cikin jerin al'adun duniya. Singafo birni ne kuma ƙasa, a wani ƙaramin tsibiri can gabashin duniya, a nahiyar Asiya. Ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a 1965. Kusan kashi uku cikin huɗu na mutanenta ƴan asalin Sin ne, sai Malayawa waɗanda Musulmi ne, sai ƴan asalin Indiya. A da su ma masu abincinsu a bakin titi suke, cikin ƙuda da ruwan kwata. Hukumarsu ta fara da ƙidaya su, ta ba kowa takardar izini. Daga 1971 ta shiga gina musu manyan rumfuna masu rufi, da famfo da wuta da magudanar ruwa da tebura. Yau irin waɗannan wurare sun fi 100. Mai abincin Sin da na Malayawa da na Indiya suna jere ƙarƙashin rufi guda, akwai rumfunan da Musulmi ke sayen abincin halal, masu duba tsafta suna zagayawa, babban ma'aikaci da lebura suna zama tebur guda. Da na ji haka na ce a raina, ashe bencin Tanti ne aka yi wa rufi da famfo. Da ta sami irin wannan wuri mai lamba, da na san inda zan kai mata kuɗinta.

Yanzu mu dawo gida. Wanda ya shiga kasuwar Filinge ranar Lahadi da idon basira zai ga ƙaramar Yamai ce. Ga mu Kurfayawa, ga Zabarmawan Tondikandiya, ga Buzayen Imanan da dankalin turawan Bonkuku, ga Fulani mata da ƙoren nono da fura, wadda mu nan hura muke ce mata. Ga cuku daga wajen Tukunus, inda ake kiwon shanun Azawak. Ga fataken dabbobi da suka kwana bisa hanya. Wani ya taso tun asuba daga Shikal ko Luma ko Icigin, a ƙafa ko a amalanke, ba zai ga ƙofar gidansa ba sai dare. Duk wannan taro wa ke ciyar da shi? Mata ne masu masa da ƙosai da dambu da tuwo, da mahauta, da masu shayi. In suka yi yajin aiki Lahadi guda, kasuwa ba za ta kai azahar ba.

Cikin shekarun nan kuma masu tanda sun ƙaru, kuma dalilin ba mai daɗi ba ne. Tun 2012 ƴan gudun hijirar Mali suka sauka Abala. Bayan haka rashin kwanciyar hankali ya taso ƙauyuka da dama na arewa da yamma da mu, mutane suka baro gonaki da rumbuna suka shigo gari. Macen da ta iso da goyo da ƴaƴa, wata ma mijin ya rasu, babu gona babu dabba, wace sana'a za ta kama da jarin tiya biyu ta gero? Tanda ce ko kasko. A ajina na mata, fiye da rabi da abincin sayarwa suke ci da ƴaƴansu. In kowa ya bi dokar mahaifina, su wa za su saya?

Wannan ne ya sa na sauya yadda nake koyar da lissafi. Na bar misalin littafi, na ce kowace ta kawo lissafin tandarta. Wahalar farko ita ce ta dala. Mace ta riƙe kuɗin da aka rubuta 100 a jikinsa, ita kuwa ashirin ta sani. A nuna mata takarda mai 1000, ta ce jika, wato dala 200. Sai da muka yi mako biyu kafin kowa ta gane dala guda sefa 5 ce, kuma in za ta rubuta a kaye ta riƙe hanya guda kada ta gauraya. Muka zaɓi rubutawa da dala, tun da da ita ake ciniki.

Wata ɗaliba, baƙuwa daga arewa mai ƴaƴa huɗu, ta yarda muka yi lissafinta bisa allo. Gero tiya 2, dala 300. Niƙa, 30. Mai, 160. Itace, 60. Yis da sukari da kayan miya, 100. Jimla dala 650. Ƙullun yakan ba ta masa 170, kowace dala 5, wato 850. Aji ya ɗauki guɗa, aka ce ribarta jika guda ce kullum. Ita kuwa ta girgiza kai, ta ce: "Malam, ni ban taɓa ganin jikar nan ba." Na ce ta kwance bakin zanenta mu ƙirga cinikin ranar. Dala 690 muka samu. Ina sauran 160? Muka bi sawu. Masa 10 ta ba yara da maƙwabta, dala 50 ke nan, wannan babu laifi. Sauran 110 bashi ne, samarin tasha da wasu magidanta da ke aiko yara da kwano a ce "a rubuta". Ita kuwa ba ta rubutu, a ka take riƙewa, bayan kwana uku ta rikice, mai bashi ya ce ya biya. Ashe baiwar Allah tana tashi tun asuba tana shan hayaƙi saboda dala 40.

Ina tsaye da alli a hannu, sai na ga katangar Tanti a gabana. Na ajiye allin, na ba su labarin layi 17, ban rage kome ba. Aji ya yi tsit. Can wata tsohuwa ta ce: "Ashe kai ma, Malam?" Na ce ni ma. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na mai tuwo ya fi saurin mantuwa, don mai ci yana ganin ƙaramin abu ne. Daga ranar kowace ta buɗe shafin bashi a kayenta, suna da rana da kuɗi. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna takan rubuta harafin farko na sunan. Mun sa doka uku: a rubuta a gaban mai ci, kada bashin mutum guda ya wuce na kwana uku, kuma kuɗin jari daban na cefanen gida daban. Bayan wata biyu mai ƴaƴa huɗu ta zo ta nuna mini ta ƙara tiya guda bisa jarinta. Ta ce abin da ya fi ba ta dariya shi ne, da samarin suka ga tana buɗe kaye, wasu kunya ta sa suka biya nan take.

Ba zan ɓoye ba, masu ƙyamar abincin kasuwa suna da tasu gaskiyar. Akwai ƙuda, akwai ƙura, akwai roba guda ta ruwa da mutum talatin za su tsoma hannu a ciki, a kuma ɗauraye kwano da shi. Akwai man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi. Mun ga abin da kwalara ta yi a jihohin ƙasar nan da dama a daminar 2021, kuma ta ruwa da abinci da hannu marar tsafta take shiga. Saboda haka muka yi darasi a kan wannan ma. A rufe abinci da faifai ko tsumma mai tsafta. A zuba wa mai ci ruwa daga buta ya wanke hannu da sabulu, kada a tsoma a roba guda. Ruwan wanke kwano biyu, na sabulu da na ɗauraya, a riƙa sauyawa. Abin da ya kwana a tafasa shi sosai kafin a sayar, in ya sauya wari a zubar. Mai ci kuma ya zaɓi abin da aka sauke da zafi a gabansa. Muna roƙon masu iko da kasuwanni su taimaka da famfo da inuwa da wurin zuba shara a gefen masu abinci, don rigakafi ya fi magani, kuma ya fi araha.

Ranar Laraba na je gidan dattijon nan na gaishe shi, na zauna ƙasa, na ba shi labarin tandar inna da na Tanti da na mai ƴaƴa huɗu. Na ce: "Baba, tuwon da aka gan ni ina ci, na ɗalibata ne. Na zauna ne in ga ko akwai buta da sabulu, in ga ko tana buɗe kayenta. Kuma yunwa nake ji, kuma na biya." Ya yi shiru yana jan gemu. Can ya ce shi dai ba a haife shi da wannan ba, ba kuma zai fara da furfura ba, amma ba zai ƙara ganin laifina ba. Na ce: "To Baba, hurar da kake sha kowace Lahadi bayan rumfar masu hatsi fa?" Ya ɗago da sauri ya ce: "Wa yag gaya maka? Ai hura ba abinci ba ta, ruwa na!" Muka yi dariya har uwargidansa ta leƙo.

Maganar dala 680 kuwa, na kai ta gaban wani malami. Ya ce in an nemi mai haƙƙi iyakar ƙoƙari ba a same shi ba, sai a yi sadaka da kuɗin da niyyarsa, in kuma ya bayyana daga baya a biya shi. Na yi hakan, na sayi sabulu da butoci na raba wa matan ajina. Zanen yana nan cikin akwatina. Duk lokacin da na shiga Yamai nakan leƙa rumfunan matan Togo in yi tambaya, har yau Allah bai haɗa mu ba.

Ya ɗan'uwa mai karatu, in ka karanta wannan, ka karanta wa na kusa da kai wanda bai iya ba tukuna. In akwai mai masa ko mai tuwo ko mai shayi da ke binka ko dala 10 ce, kada ka jira albashi ko kaka, ka kai mata yau, ka kuma tambayi sunanta. Ke kuma mai tanda, ajin karatun manya yana nan a buɗe, ki zo da kaye guda da bik, sauran aikin namu ne. Masu irin wannan labari a garuruwansu su rubuto mu ji.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa albarka a sana'ar kowa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai kyau. Amin.

Naku,
Malamin karatun manya, Filinge, ƙasar Kurfai.